Yadda Finafinan Alien Suka Koma Dokokin Wasan Kan Tebur

A ƙarshen shekarar 2019 kamfanin Free League, wanda ke birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, ya fitar da wani littafin wasa da aka gina a kan finafinan Alien, wato finafinan ban tsoro na sararin samaniya. Tomas Härenstam ne ya jagoranci tsara dokokinsa, Andrew E. C. Gaska kuma ya rubuta bayanin duniyar da labarin ke gudana a cikinta. Da shekara ta zagayo, wasan ya lashe lambar zinare ta wasa mafi kyau a kyaututtukan ENnie na 2020, waɗanda masu wannan harka ke ɗauka da daraja. Na zaɓi wannan wasa don nazari saboda a cikinsa ana iya bin sawun kusan kowace doka har a kai ga fitowar fim ɗin da ta haife ta, kuma ana iya ganin inda biyayya ga fim ta yi wa wasa rana da inda ta ɗaure masa hannu.

Ga wanda bai taɓa ganin irin wannan wasa ba, mutum huɗu ne ko biyar ke zama a kan tebur da littafin dokoki, takarda, fensir da dayis irin na lido. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora, shi ke bayyana wuri da abin da ke faruwa, shi kuma ke magana da bakin duk wanda aka haɗu da shi a labarin. Sauran kowa na riƙe da tauraro guda, yana faɗin abin da tauraronsa zai yi. Idan abin na da haɗari, ko ba a san yadda zai kaya ba, sai a jefa dayis, dokoki su yanke hukunci. Ba a rubuta ƙarshen labari tukuna, a tebur ake gano shi.

Tun ranar gini aka yi zane. Wasan farko na wannan salo, Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, ya sha daga littattafan tatsuniyar zamani sosai, har a 1977 masu riƙe da haƙƙin ayyukan marubuci Tolkien suka tilasta wa kamfanin TSR, mai wallafa wasan, canza sunayen wasu halittu da ya ara. A 1981 Sandy Petersen ya fito da Call of Cthulhu daga labaran ban tsoro na marubuci Lovecraft, ya sa wa kowane tauraro ma'aunin lafiyar hankali wanda ke raguwa duk lokacin da ya ga abin da ƙwaƙwalwa ba za ta ɗauka ba. Wato aron suna da hoto abu ne mai sauƙi, kowa na yi. Aikin da ke da wuya shi ne a ɗauko abin da mai kallo ke ji a ƙirjinsa a mayar da shi doka.

Abin da finafinan suka ɗora wa masu tsara wasa

Fim ɗin farko, wanda Ridley Scott ya ba da umarni a 1979, labarin ma'aikata bakwai ne a cikin jirgin dakon kaya na sararin samaniya mai suna Nostromo. Ba sojoji ba ne, ba kuma gwaraza ba. Biyu daga cikinsu ƙorafin kuɗin alawus suke yi tun daga farko. Halittar da ke kashe su ɗaya bayan ɗaya ba ta fi 'yan mintoci a gaban kyamara ba, yawancin lokacin ana jin motsinta ne ko ana neman inda ta shiga. Sannan a tsakiyar tashin hankali aka gano cewa jami'in kimiyya na jirgin mutum-mutumi ne, kuma kamfanin da ya ɗauke su aiki ya ba shi umarni a ɓoye ya kawo halittar gida ko da duk ma'aikatan za su ƙare. Fim na biyu, na James Cameron a 1986, ya kawo sojoji da manyan bindigogi, amma ya nuna yadda bindigar ba ta hana ƙafa rawa ba: harsashi na ƙarewa, na'urar gano motsi na ƙara, sojan da ya fi kowa cika baki shi ya fara rikicewa, wakilin kamfani kuma yana shirya cin amanar kowa.

Wannan ya saɓa wa kusan duk abin da wasannin kan tebur suka saba da shi. A tsarin da ya fi yaɗuwa, taurari suna ƙara ƙarfi mako bayan mako, suna tafiya a matsayin ƙungiya mai manufa ɗaya, dodo kuma abin kashewa ne a kwashi ganima. Wanda ya ɗauki wannan tsari ya manna masa hoton Alien zai samu wasan farauta, kuma ba abin da mai kallo ya biya kuɗi ya gani ba ke nan.

An taɓa gwadawa kafin Free League. A 1991 kamfanin Leading Edge Games ya fitar da wasa a kan fim na biyu, ya gina shi a kan sauƙaƙƙen tsarin Phoenix Command, wanda ya yi suna wajen lissafin harbi dalla-dalla: nisa nawa, harsashi ya samu wane sashe na jiki, ya yi wace irin illa. Masu wannan wasa sun kalli fim ɗin sun ga bindigogi, suka yi wa bindigogi dokoki masu yawa. A ganina sun duba gefen da bai fi muhimmanci ba. Lokacin da aka tsaya ana bin jadawali ana neman inda harsashi ya faɗa, tsoron da jagora ya sha wahala ya gina ya riga ya huce.

Dayis ɗin fargaba

Free League ya zo da injin dokokinsa na gida, wanda ya fara amfani da shi a wasan Mutant: Year Zero a 2014. Tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Kowane tauraro na da siffofi huɗu, wato ƙarfi, zafin nama, kaifin basira da fahimtar mutane, sannan akwai fannonin ƙwarewa 12. Idan za a gwada wani abu, sai a haɗa makin siffa da na ƙwarewa, a ɗebi dayis daidai wannan adadi a jefa. Shida ɗaya ta wadatar, an yi nasara. Wanda bai samu shida ba yana da damar ya matsa, ya sake jefawa sau ɗaya, amma da farashi.

A bugun farko na wasan Alien farashin shi ne fargaba. Duk wanda ya matsa, makin fargabarsa ya ƙaru da ɗaya, kuma daga nan kowace jifa da zai yi sai ya haɗa da dayis na musamman, rawaya, daidai yawan fargabarsa. Abin da ya sa dokar ta yi kyau shi ne dayis ɗin rawaya na taimako. Shida a kansa nasara ce kamar kowace shida. Mutumin da ke cikin tashin hankali ya fi sauri, ya fi kula, hannunsa ya fi kamawa. Sai dai a gefen da lamba ɗaya take, an zana hoton wata ƙaramar halitta ta finafinan mai fitowa daga ƙwai ta manne wa mutum a fuska, kuma idan ita ta fito, dole a jefa dayis na firgici.

Bari mu kalli abin a kusa. A ɗauka wata mai wasa na riƙe da makanike, ana biye da su a wani lungu na jirgi, tana so ta like ƙofar ƙarfe kafin abin ya iso. Ƙarfinta da ƙwarewarta a injuna sun ba ta dayis biyar baƙaƙe. Damar samun shida aƙalla ɗaya a dayis biyar kusan kashi 60 cikin 100 ce. Ta jefa, babu. Abokan zama suka yi tsit. Ta ce za ta matsa, ta miƙa hannu ta ɗauki rawaya guda ta haɗa, ta sake jefawa, shida ta fito, ƙofa ta rufu. Kowa ya yi ajiyar zuciya, amma rawayan nan ya zauna a gabanta, ba ya komawa akwati. Bayan sa'a guda ana wasa ta ga gawar abokin aikinta, ta sake matsawa a wani wuri, yanzu rawaya uku ne a gabanta. Idan ta sake taɓa inji dayis takwas za ta jefa, damar nasararta ta haura zuwa kusan kashi 77. A daidai wannan jifa kuma, damar lamba ɗaya ta fito a ɗaya daga rawayan ukun ta kai kashi 42. Tana ganin su da idonta a kan tebur, tana jin nauyinsu a tafin hannu kafin ta sake su. Babu buƙatar jagora ya ce mata tauraruwarki na tsoro.

Firgicin kansa yana da jadawali. Ana jefa dayis ɗaya a haɗa da makin fargaba. Idan jimla ba ta wuce shida ba, mutum ya daure. Bakwai, jiki ya zabura, fargabar duk wanda ke kusa ta ƙaru. Takwas, hannu na karkarwa. Tara, abin da ke hannu ya faɗi, ko bindiga ko fitila. Daga goma abin ya fi ƙarfin mai wasa: tauraro ya sandare, ko ya nemi maɓoya, ko ya kurma ihu, ko ya ranta a na kare, ko ya afka wa duk wanda ya fi kusa da shi, abokin gaba ne ko aboki. A 15 ya zube ƙasa ba ya motsi ba ya magana. Mai fargaba uku ba zai wuce tara ba komai rashin sa'arsa. Mai fargaba shida kuwa ba shi da hanyar daurewa ko kaɗan, domin mafi ƙarancin jimlarsa bakwai ce. Lissafin da kansa yana hawa kamar yadda fim ke hawa, rabin farko ana lallaɓawa, rabin ƙarshe komai na wargajewa.

Duk wanda ya kalli finafinan zai gane kowane layi na wannan jadawali. Sandarewa ita ce matar da ta tsaya a gaban halittar a fim na farko ta kasa ɗaga ƙafa. Ihun da ke sa duk wanda ya ji shi ma ya jefa dayis na firgici, shi ne sojan da surutunsa ke neman karya zuciyar sauran. Har maganin abin daga fim aka ɗauko shi: wani tauraro zai iya amfani da ƙwarewar ba da umarni ya daka wa wanda ya firgita tsawa ya dawo da shi hayyacinsa. Akwai kuma wata ƙaramar doka da ta fi burge ni. Idan mutum na harbi kuma hoton halittar ya fito a dayis ɗinsa na rawaya, to ya zazzage harsashin da ke bindigarsa gaba ɗaya, sai ya tsaya ya sake ɗurawa. Wasan 1991 ya ƙirga harsashi ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ɗaura ƙarewar harsashi a kan tsoro, wanda shi ne dalilin da ya sa harsashi ke ƙarewa a fim.

Iska, ruwa, abinci da batir ma haka aka yi musu. Ba a rubuta cewa saura minti kaza ba. Ana ba kowane abu maki, lokaci zuwa lokaci a jefa dayis rawaya daidai makin, duk lamba ɗaya da ta fito a rage ɗaya. Mai wasa ya san tulun iskarsa na raguwa, bai san yaushe zai ƙare ba.

Halittar kuwa an cire ta daga hannun jagora da gangan. Idan ta kai hari, jagora ba ya zaɓar abin da za ta yi, dayis yake jefawa a kan jerin hare-hare shida na wannan nau'in. Wani lokaci ta tsaya kawai tana kallon mutum tana huci, wani lokaci ta ja shi cikin duhu, wani lokaci ta fasa masa kai nan take. Lafiyar tauraro daidai take da makin ƙarfinsa, abin da bai cika wuce biyar ba, don haka faɗa da ita gaba da gaba kusan hukuncin kisa ne. Ko an yi sa'a an raunata ta a kusa, jininta mai cin ƙarfe ne, yana fallatsa. Wannan doka ta sauke wa jagora nauyi babba. Mutum mai tausayi zai riƙa ja da baya idan zai kashe tauraron abokinsa, dayis kuwa bai san aboki ba, kuma 'yan wasa sun san haka tun kafin su buɗe ƙofa.

Kashi uku da katin sirri

Tasiri na biyu ya shafi siffar zaman gaba ɗaya. Littafin ya raba wasa gida biyu. Akwai salon dogon zango, inda ake ƙirƙirar taurari a bi su watanni, kamar yadda aka saba. Akwai kuma salon fim, wanda ake gamawa a zama ɗaya ko 'yan zama kaɗan, da taurarin da aka riga aka rubuta, kuma an faɗa tun farko cewa ba kowa zai kai ƙarshe ba. Salon fim an tsara shi kashi uku, irin tsarin da marubutan fim ke bi. Labarin farko da aka fitar a wannan salo, Chariot of the Gods, ya fara da ma'aikatan jirgin dakon kaya mai suna Montero da aka karkatar da su zuwa wani jirgin bincike da ya daɗe da ɓata. A cikin babban littafin kuma akwai gajeren labari da ke faruwa a sa'o'in ƙarshe na matsugunin Hadley's Hope, wurin da sojojin fim na biyu suka iso suka tarar kusan babu kowa.

A farkon kowane kashi, jagora na miƙa wa kowane mai wasa kati a rufe. A kan katin an rubuta abin da tauraronsa ke so a wannan kashi, kuma ba a nuna wa kowa. A kashi na farko yana iya zama abu mai sauƙi, kamar a tabbatar an biya alawus. A kashi na uku yana iya zama a fita da samfurin halittar ko da wa za a bari a baya. Dokoki sun ba da damar ɗaya daga taurarin ya zama mutum-mutumi a ɓoye, yana jefa dayis ɗin fargaba kamar kowa har ranar da asiri ya tonu. Wanda ya bi manufarsa yana samun makin labari, wanda zai iya kashewa ya sayi shida guda lokacin da ya fi buƙata. Makin na mai wasa ne, don haka ko tauraronsa ya mutu ya karɓi wani daga ma'aikatan jirgin, makin na biye da shi.

Wannan dabara ta warware wata matsala da duk wasan da aka gina a kan sanannen fim ke fama da ita. 'Yan wasa sun riga sun kalli fim. Babu mai hankalin da zai ga ƙwai a cikin duhu ya sunkuya ya leƙa, tunda kowa ya san abin da ke ciki. Idan aka bar su da wayonsu, za su kulle kansu a ɗaki ɗaya su jira ceto, labari ya mutu. Katin ya ba mutum dalili da lada na yin abin da ya san ganganci ne. Masanin kimiyya zai buɗe akwatin domin katinsa ya ce ya buɗe, kuma sauran ba za su ji haushinsa ba, domin sun san kowa da nasa katin. Masu rubutun sun ƙara da wata dabara: sun ɗauko halittu daga finafinan baya-bayan nan, Prometheus na 2012 da Covenant na 2017, waɗanda mai kallo bai haddace halinsu kamar na tsohuwar halittar ba.

Sun kuma yi tanadi don kada cin amana ya koma rigima tsakanin mutanen da ke zaune. Idan tauraro ya juya wa sauran baya a fili, ana buga wannan fitowa har ƙarshenta, daga nan jagora ya karɓe shi, mai wasan ya ɗauki wani tauraro ya koma cikin jama'a. Ina ganin wannan doka na daga mafi hikima a littafin. A fim, maci amana ɗan wasa ne da aka biya, ya gama ya tafi gida. A tebur abokinka ne, gobe ma tare za ku zauna.

Inda rigar fim ta matse

Duk da haka, ba zan ce komai ya tafi daidai ba, kuma matsalolin daga wuri ɗaya suka fito da nasarar. Fim na ƙarewa cikin sa'o'i biyu. Dokar fargaba an yi ta ne don ta hau ta fashe, kuma a zama ɗaya wannan shi ne abin da ake so. A dogon zango, inda mutum ya shafe watanni yana renon tauraronsa, ya san danginsa da bashin da ke kansa, jifa ɗaya marar sa'a na iya ɗauke shi. Littafin ya ba da hanyoyin rage fargaba, kamar hutawa na 'yan mintoci a wuri mai aminci ko taɓa wani abu mai daraja da tauraro ke ɗauke da shi, hoton ɗa ko wasiƙa. Amma idan jagora ya yawaita ba da hutu, tsoro ya tafi, idan ya hana, taurari su ƙare. Daidaita wannan ya koma wuyan jagora, dokoki ba su ɗauke masa ba.

Sannan halittar da sunan wasan ke kanta ba za ta iya fitowa kowane mako ba. Abin da ake gani kullum ba ya ba da tsoro. Masu wasan sun gane haka, shi ya sa suka faɗaɗa duniyar sosai. Sun ajiye labarin a shekarar 2183, bayan abubuwan fim na biyu da na uku, suka ba da hanyoyi uku na dogon zango: direbobin dakon kaya, sojojin matsugunai, da masu kafa sababbin garuruwa a bakin iyaka. Suka cika taswira da manyan ƙasashe masu gaba da juna, har suka ɗauko wani ƙawancen ƙasashen gurguzu daga rubutun fim na uku da William Gibson ya yi wanda ba a taɓa ɗauka ba. Aiki ne mai kyau, kuma ya nuna cewa ainihin mugun finafinan shi ne Weyland-Yutani, kamfanin nan da ya ɗauki ma'aikatan aiki, da kwaɗayinsa. Sai dai wanda ya sayi wasa mai suna Alien, aka ce masa ya yi mako shida yana jigilar ma'adinai yana rikici da jami'an tashar jirgi, yana da hujjar tambayar ina abin da aka yi masa alkawari.

Jadawalin firgici ma yana da nasa illar. Saboda ihun mutum ɗaya na sa sauran jefa dayis, wani lokaci firgici na zagaye tebur gaba ɗaya, wannan ya sandare, wancan ya gudu, na uku ya yar da makami, a yi zagaye biyu ko uku babu wanda ya zaɓi komai da kansa. A fim wannan fitowa ce mai daɗin kallo, domin mai kallo dama ba shi da ta cewa. A tebur kuwa mutum ya zo ne don ya yanke shawara. Idan dayis ya karɓe masa tauraro sau ɗaya, abin sha'awa ne. Idan ya karɓe sau huɗu a jere, ya koma ɗan kallo a wasan da ya zo bugawa. Nan ne bambancin fim da wasa ya fito fili, kuma ina ganin masu tsarawa sun ɗan fifita amincin fim a kan 'yancin mai wasa.

Sana'o'in da aka ba taurari su ma sun nuna iyakar lasisi. Guda tara ne, kuma kusan kowace na da fuskar wani daga finafinan: soja, matuƙi, likita, masanin kimiyya, makanike, wakilin kamfani, har da yaro, saboda yarinyar da ta tsira ita kaɗai a fim na biyu. Wannan na sa sabon mai wasa ya gane matsayinsa cikin minti ɗaya, wanda babbar riba ce ga wanda bai taɓa riƙe irin wannan takarda ba. Amma kuma yana sa tebur da yawa su riƙa maimaita fim ɗin da suka riga suka gani, da sababbin sunaye kawai.

Inji ɗaya, finafinai daban

Abin da ya fi tabbatar da cewa fim ne ke juya dokoki a nan shi ne a duba wasu wasannin kamfanin waɗanda a kan inji ɗaya aka gina su. A 2017 Free League ya fitar da Tales from the Loop daga zane-zanen Simon Stålenhag, labarin yara masu binciken abubuwan al'ajabi a shekarun 1980, da ruhin finafinan yara na wancan zamani. A can doka ta ce ƙarara yaro ba ya mutuwa. Zai ji tsoro, zai ji rauni, zai karaya, amma ba za a kashe shi ba, domin a irin waɗannan finafinai ba a kashe yaran. Shekara biyu bayan haka, da dayis iri ɗaya da shida iri ɗaya, aka yi wasan da mutuwa ke cikin alkawarinsa. A 2022 suka fitar da Blade Runner daga finafinan da ke da wannan suna, suka raba yini zuwa lokutan aiki don mai bincike ya ji lokaci na ƙure masa, suka cika akwati da hotuna da takardun shaida da 'yan wasa za su riƙe a hannu su bincika. A 2023 dayis ɗin fargaba ya sake bayyana a wasansu na The Walking Dead, inda kuskuren mai tsoro ke iya jawo hankalin matattu masu yawo.

Tasirin kuma bai tsaya ga masu lasisi ba. A 2018, kafin wasan Free League ya fito, Sean McCoy ya fitar da Mothership, ƙaramin wasan ban tsoro na sararin samaniya wanda ba shi da izinin amfani da sunan kowane fim. Lissafinsa daban ne, da dayis mai ƙirga kashi ɗari yake aiki, amma shi ma yana da makin matsi da ke taruwa da jadawalin firgici, da ma'aikata, sojoji, masana kimiyya da mutum-mutumi. Mutane biyu da ba su yi aiki tare ba, a ƙasashe daban, suka kalli finafinai iri ɗaya suka isa kusan doka ɗaya. Shi Mothership, da yake babu mai haƙƙi da zai duba masa rubutu, ya buɗe ƙofa ga marubuta masu zaman kansu su wallafa labarai da dodanninsu a kan tsarinsa, kuma sun yi da yawa. Free League ba shi da wannan sakewa, domin duk abin da zai fita da sunan Alien sai ya bi ta hannun 20th Century Studios, wanda ya koma ƙarƙashin Disney tun 2019. Da fim ɗin Alien: Romulus ya fito a 2024, Free League ya sanar da sabon bugu na wasan, da gyare-gyaren dokoki da kayan da aka ɗauko daga sabon fim ɗin.